KURUMTAR DARE ƊAYA DA HAJIJIYA: YADDA LIKITA KE TAMBAYAR IDO LABARIN KUNNE

Mu ƙaddara wani magidanci ne mai shekara hamsin da ƴan kai, ya yi sallar lisha ya kwanta lafiya lau. Da asuba ya farka sai ya ji kunnensa na hagu ya toshe kamar an cusa masa auduga, ga wani ƙugi yana tashi a ciki irin na injin niƙa daga nesa. Ya yunƙura zai ɗauki buta, sai ɗaki ya kama juyawa da shi, ya dafa bango, amai ya taso masa. Kafin hantsi gida ya cika da masu ba da shawara. Wannan ya ce dauɗar kunne ce, a ɗiga masa man shanu mai ɗumi. Wancan ya ce masassara ce ta hau masa kai. Wata tsohuwa ta ce iska ce ya gamu da ita a bakin tabki. Bayan kwana huɗu ko biyar hajijiyar ta lafa, ya fara fita ƙofar gida, kowa ya ce sauƙi ya samu. Kunnen kuwa yana nan shiru. Sai ran da ya kara wayar salula a wannan gefen ya ji kamar an katse layi, sa'an nan tunanin zuwa asibiti ya zo masa, alhali kuwa wata guda ya riga ya shige.

Wannan ciwo likitoci sun san shi sarai, kuma suna lissafa shi cikin waɗanda ba a jinkiri da su. Ƙa'idar da suka yarda da ita ita ce: idan jin mutum ya ragu da desibel 30 ko fiye, a kan amo uku da ke jere da juna, cikin sa'o'i 72 ko ƙasa da haka, kuma laifin yana can kunnen ciki ko a jijiyar ji, to an sami kurumtar farat ɗaya. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, kuma raguwar 30 ta isa ta mai da hirar zaure ta zama kamar raɗa. Galibi kunne ɗaya take kamawa. A ƙasar Amurka, inda ake ƙirga irin waɗannan abubuwa, ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta bayyana a 2019 cewa tana samun mutum 5 zuwa 27 cikin kowane 100,000 a shekara. Wajen mutum 9 cikin 10 ba a gano musabbabinta ko an yi bincike. Kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari na masu ita kuma suna zuwa ne da kukan jiri ko hajijiya, kuma a kan waɗannan ne za mu tsaya yau.

Mu da sana'armu ta zama juya takardu daga Faransanci zuwa Hausa mun san wahalar da ke cikin kalmomin nan. Mai ciwo yakan ce wa ma'aikacin lafiya "jiri nike ji", a rubuta kalma ɗaya a takarda a wuce, alhali abu biyu ne daban. Akwai wanda idanunsa ke yin duhu in ya miƙe tsaye da sauri, ko don yunwa, ko don ƙarancin jini. Akwai kuma wanda yake kwance a kan tabarma amma yana ganin rufin ɗaki yana gudu, tamkar yaron da ya gama wasan juyi a dandali. Na biyun nan shi muke kira hajijiya a cikin wannan bayani, kuma ya kamata mai ciwo ya fayyace wa likita wanne ne yake ji, domin daga nan bincike ke ɗaukar hanya.

MA'AUNAI BIYAR A CIKIN ƘASHI

Abin da muke gani a gefen kai muna kira kunne, zaure ne kawai. Bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai ƙananan ƙasusuwa uku, bayansa kuma, can cikin ƙashi mai tsananin tauri, akwai kunnen ciki, wanda girmansa duka bai fi kan ɗan yatsa ba. Sashensa ɗaya a naɗe yake kamar katantanwa, shi ke mai da motsin sauti ya zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ɗaya sashen ba ruwansa da ji. Aikinsa shi ne ya sanar da ƙwaƙwalwa inda kai ya dosa. A nan akwai bututu uku masu lanƙwasa kamar zobba, ɗaya a kwance, ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, kowane cike da ruwa. Duk wadda ta taɓa juya ƙwarya cike da ruwa ta san ƙwaryar ce ke fara juyawa, ruwan ya biyo baya. Haka nan in kai ya juya, ruwan bututun yakan yi jinkiri, ya tura wasu ƴan gasu masu laushi, su kuwa su aika da labari. Ƙarƙashin bututun akwai ƴan jakunkuna biyu da aka shimfiɗa wa wani irin yashi mai kama da garin alli. Nauyin yashin nan ne ke faɗa wa mutum ko a tsaye yake ko a karkace, ko mota ta tashi da shi ko ta tsaya. Bututu uku da jaka biyu: ma'aunai biyar ke nan a kowane kunne.

Kunnuwan biyu kullum suna aika saƙo, ko mutum na barci, kuma ƙwaƙwalwa tana gwada na dama da na hagu kamar mai awo da sikeli. In ɗaya ya yi shiru farat ɗaya, sai sikelin ya rinjaya, ƙwaƙwalwa ta ɗauka kai yana juyawa ne wajen kunne mai lafiya. Hajijiyar ke nan. Da yake kuwa akwai wata gajeriyar hanya tsakanin ma'aunan nan da naman da ke motsa ido, wadda ke sa mai tafiya a kan jaki ya iya karanta allon da ke gefen hanya ba tare da rubutun ya yi rawa ba, sai idanun su ma su shiga ruɗu: su sulale a hankali wajen kunnen da ya mutu, su fizgo da sauri zuwa ɗaya gefen, su sake sulalewa, ba tsayawa. Wannan rawar ido ita ce tagar da likita ke leƙa kunnen ciki ta cikinta, tun da ba wata fitila da za ta haska masa cikin ƙashi.

Abu guda kuma da ya kamata a riƙe, domin duk haɗarin yana rataye a kansa. Katantanwa da ma'aunan nan biyar daga jijiyar jini ɗaya tak suke sha, siririya ƙwarai, wadda ba ta da mataimakiya in ta toshe. Ita kuwa reshe ce, a wurin yawancin mutane, na wata jijiyar da ke shayar da gindin ƙwaƙwalwa da ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya. Saboda haka mutuwar kunne tare da hajijiya tana iya zama ciwon kunne kawai, tana kuma iya zama ɗan aiken shanyewar ɓarin jiki da ya riga uban gidansa isowa da ƴan kwanaki.

RUWAN SANYI DA RUWAN ƊUMI

An daɗe kafin a gane cewa kunne na da hannu a hajijiya. A cikin shekarun 1820 wani masani Bafaranshe, Flourens, ya riƙa yanke bututun nan a kunnen tantabaru, ya ga kowane bututu ya yanke sai kan tsuntsuwar ya kama kaɗawa ta fuskar wannan bututun. Duk da haka likitocin Turai suka ci gaba da ɗaukar mai hajijiya a kan wanda jini ya taru wa a ƙwaƙwalwa, suna zubar masa da jini, kusan yadda wanzamanmu ke yi da ƙaho. Sai a 1861 Prosper Ménière, likitan makarantar kurame ta birnin Paris, ya tsaya gaban majalisar likitocin Faransa ya ce hajijiya da ƙugin kunne da kurumta suna iya fitowa daga kunnen ciki, ƙwaƙwalwa kuwa lafiyarta lau.

Wanda ya mai da wannan sani ya zama gwaji shi ne Robert Bárány, likitan kunne a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Yana wanke kunnuwan majinyata da ruwa, sai ya lura in ruwan ya yi sanyi suna kukan hajijiya, idanunsu na rawa. In ya yi zafi kuma rawar ta koma ɗaya gefen. In kuwa ɗuminsa daidai yake da na jiki, ba abin da ke faruwa. Ya gane cewa sanyi da zafi suna sa ruwan bututun kwance ya motsa, kamar yadda ruwa ke hawa da sauka a tukunyar da ke bisa wuta. Ya buga bayaninsa a 1906. Aka ba shi kyautar Nobel ta shekarar 1914, labarin kuwa ya iske shi yana tsare a sansanin fursunonin yaƙi a hannun Rasha, ba a sake shi ba sai 1916, daga baya ya koma Suwidin da zama har ƙarshen ransa.

Yadda ake yin gwajin a yau, wasu likitoci biyu na Landan, Fitzgerald da Hallpike, suka tsara shi a 1942. Mai ciwo zai kwanta rigingine, a ɗaga kansa kamar digiri 30. A zuba masa ruwa mai ɗumin digiri 30 a kunne wajen rabin minti, a duba rawar idon, a huta kamar minti biyar, a yi wa ɗaya kunnen, sa'an nan a sake da ruwa mai digiri 44. Wato digiri 7 ƙasa da ɗumin jiki, da 7 sama da shi. Kunne mai lafiya zai amsa da hajijiya ta minti ɗaya ko biyu. Wanda ya raunana zai amsa kaɗan, ko ya yi gum. In bambancin amsar kunnuwan biyu ya haura kashi 20 ko 25 cikin ɗari, sai a ce wannan gefen ya raunana. Dole a fara leƙa kunnen tukuna, domin mai hujin dodon kunne ba a zuba masa ruwa, sai dai a hura masa iska mai sanyi da mai ɗumi. Gwajin ba shi da daɗi, yana iya tayar da amai, shi ya sa ba a cika yi wa mutum shi a ranar da ɗaki ke juyawa da shi ba. Iyakarsa kuma a fili take: cikin ma'aunai biyar, bututun kwance kaɗai yake tambaya.

FIZGAR KAI, DA TAMBAYAR DA TA FI KOWACE NAUYI

A ranar farko, abin da likita ya fi buƙatar sani shi ne ko wutar a kunne ta tsaya ko ta kama ƙwaƙwalwa. Abin mamaki, kayan aikin wannan tambaya hannu ne da ido. A 1988 wasu masana biyu na birnin Sidni a Ostiraliya, Halmagyi da Curthoys, suka bayyana gwajin fizgar kai. Likita zai zauna gaban mai ciwo, ya riƙe kansa da hannu biyu, ya ce masa ya kafa ido a kan hancinsa, wato hancin likitan, sa'an nan ya juya kan kaɗan, amma da sauri, kuma ba sanarwa. In bututun gefen da aka juya yana aiki, idon ba zai bar hancin ba ko kaɗan. In ya mutu, idon zai tafi tare da kan, sa'an nan ya yi wani ɗan tsalle ya dawo. Tsallen nan shi ake nema.

To, a nan ne hankali ke iya ruɗewa. Mutumin da hajijiya ta riƙe shi yini guda ba sassauci, idonsa na rawa, amma aka fizgi kansa aka ga ido bai yi tsalle ba, wannan "lafiyar" tasa ba abin murna ba ce. Tana nuna kunnen na aiki, laifin ke nan yana sama. Likita zai ƙara duba abu biyu. Na farko, rawar idon: ta kunne fuska ɗaya take bugawa duk inda mutum ya duba, kuma tana raguwa in ya kafa ido a kan abu, shi ya sa ake sa masa wani tabarau mai kauri da ke hana shi gani sosai domin rawar ta fito fili, wadda kuwa ke canza fuska, in ya dubi dama ta buga dama, in ya dubi hagu ta buga hagu, ko mai bugawa sama da ƙasa, ta ƙwaƙwalwa ce. Na biyu, a rufe ido ɗaya a buɗe, a rufe ɗayan, a ga ko wani yana hawa ko sauka don ya daidaita da ɗan uwansa. A 2009 likitocin Amurka, Kattah da Newman-Toker da abokan aikinsu, suka gwada waɗannan dubawa uku a kan mutum 101 masu hajijiya mai tsanani da ke cikin haɗarin shanyewar jiki. A hannun gwanaye, dubawar ba ta kuskure mai shanyewa ko ɗaya ba, alhali hoton IRM da aka ɗauka cikin kwana biyun farko ya kuskure wajen 12 cikin ɗari. Wannan labari ne mai daɗin ji ga ƙasa irin tamu, inda babbar na'ura take nesa da yawancin jama'a, amma da sharaɗi: hannun da bai koya ba, ba ya ganin tsallen.

Sai dai mai kurumta yana da nasa matsayi daban. Tun da jijiyar jinin kunne reshe ce na ta ƙwaƙwalwa, toshewar uwar tana iya kashe kunnen da kansa, a fizgi kai a ga tsalle irin na ciwon kunne sak, alhali ƙwaƙwalwa na cikin haɗari. Saboda haka masanan suka ƙara doka ta huɗu: sabuwar kurumta a kunne ɗaya tare da hajijiyar da ba ta yankewa, ita kanta alamar haɗari ce har sai an tabbatar da akasin haka, balle ga dattijo, ko mai hawan jini, wato tansiyo, ko mai ciwon sukari, ko mashayin taba. Wani bincike da aka yi a Taiwan aka buga a 2008 ya nuna cewa waɗanda suka yi kurumtar farat ɗaya sun fi sauran majinyata samun shanyewar jiki cikin shekara biyar da suka biyo, da wajen ninki ɗaya da rabi. In kuwa aka ga mutum ba ya iya tsayuwa ko zama sai an riƙe shi, ko yana ganin abu bibbiyu, ko harshensa ya yi nauyi, ko gefen fuska ya mutu, ko hannu ya ƙi kai loma baki daidai, to babu sauran shawara a zaure, sai neman mota.

TASWIRAR ƁARNA

In an kawar da wannan tsoro, saura tambaya ta biyu, wadda mai ciwo ya fi damuwa da ita: kunnena zai dawo? A nan ne na'urorin zamani ke shigowa. Tun wajen 2009 aka sami wani tabarau mara nauyi mai ɗauke da ƴar kyamara, tana ɗaukar hoton ido kamar sau 250 a cikin daƙiƙa ɗaya, yayin da likita ke fizgar kai. Kwamfuta tana gwada gudun ido da gudun kai. Ga mai lafiya kusan daidai suke, ɗaya bisa ɗaya. In na ido ya gaza kashi 8 cikin 10 na gudun kai a bututun kwance, an sami rauni. Amfaninsa babba shi ne yana kama ƙananan tsallen da ke ɓuya tun kai bai gama juyawa ba, waɗanda idon likita ba ya gani, kuma da shi ana tambayar bututu shida duka, uku dama uku hagu, cikin ƴan mintoci, ba ruwa ba amai. Bai kori gwajin ruwa daga aiki ba, domin shi motsi mai sauri yake aunawa, ruwa kuwa motsi mai nawa, kuma akan sami kunnen da ya ci ɗaya ya faɗi ɗaya.

Jakunkunan yashi biyu su ne suka daɗe ba mai iya tambayarsu. A farkon shekarun 1990 Colebatch da Halmagyi suka nuna cewa in aka buga wa kunne sauti mai ƙarfi, jakar ƙasa tana amsawa ta hanyar sa babban naman gefen wuya ya ɗan saki na ƙiftawar ido, kuma ana iya kama wannan da ƴan wayoyi da aka manna a fata. Shekaru goma da wani abu bayan haka aka samo irinsa ga jakar sama, ana manna wayoyin ƙarƙashin idon da ke ɗaya gefen. Abin sha'awa, kunnen da ba ya jin sautin sam yana iya ba da amsa, muddin jakar na da rai, domin girgizar take ji. Amsar takan raunana ga tsofaffi ko da lafiyarsu ƙalau, don haka ba a yanke hukunci da ita ita kaɗai.

In aka haɗa sakamakon nan da na awon ji, sai a sami taswira, kamar ta manomin da ya zaga gonarsa bayan ambaliya yana duba inda ruwa ya kai. Binciken da aka tara daga ƙasashe dabam-dabam ya daidaita a kan abu biyu. Mai kurumta da hajijiya bai kai mai kurumta kaɗai samun dawowar ji ba. Kuma gwargwadon yawan ma'aunan da suka mutu, gwargwadon ƙarancin fata. An kuma lura cewa bututun baya yana yawan faɗuwa tare da katantanwa, kuma faɗuwarsa ba alama ce mai kyau ga ji ba. Dalilin da masana suka fi kawowa shi ne su biyun daga ƙaramin reshe ɗaya suke shan jini, don haka in aka gan su sun mutu tare, sauran na raye, zato yakan karkata ga toshewar jini, a ƙara sa ido ga zuciya da tansiyo. Wani lokaci kuma yashin jakar yakan ɓalle ya faɗa cikin bututu, mutum ya riƙa samun hajijiya ta ƴan daƙiƙu duk sa'ad da ya juya a shimfiɗa. Wannan ana gane shi da gwajin kwantarwa da Dix da Hallpike suka bayyana a 1952, ana kuma mai da yashin wurinsa da jujjuya kai bisa ƙa'ida, ba allura ba ƙwaya.

A ganina, ya kamata a faɗi gaskiya game da waɗannan na'urori: ba sa warkar da kowa, kuma da wuya sakamakonsu ya canza maganin da za a ba mutum a makon farko. Abin da suke yi shi ne su hana likita yin alkawarin da ba zai cika ba, su nuna wanda ke buƙatar hoton ƙwaƙwalwa da gaggawa, su kuma faɗi wane motsa jiki ya dace da wa. Mutumin Damagaram da zai ce sai ya tara kuɗin mota ya yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai kafin ya fara magani, ya sayar da kwanakinsa masu tsada a kan takarda.

Domin kwanakin su ne jari. Maganin da aka fi ba da shi dangin kortizon ne, ƙwayoyi na mako ɗaya ko biyu sa'an nan a riƙa ragewa, kuma an fi sa ran amfaninsa in an fara cikin mako biyu na farko, tun ma ba kwanakin farko ba. In bai yi ba, likitan kunne yana iya zuba shi da allura ta cikin dodon kunne, tsakanin mako biyu zuwa shida. Gaskiya ne kashi ɗaya cikin uku zuwa biyu cikin uku na masu wannan ciwo suna samun sauƙi da kansu, amma ba wanda ya san ko yana cikinsu, mai hajijiya kuwa shi ya fi nisa da wannan rabo. Kada kuma wani ya karanta wannan ya nufi mai tallar magani a bakin tasha. Kortizon yana tayar da sukari da tansiyo, yana tsananta gyambon ciki, yana kuma iya ta da tarin fuka da ya kwanta. Sai da takardar likita. Daga baya akan nemi hoton IRM ko awon jijiyar ji, domin kaɗan daga cikin masu wannan kurumta wani ƙari ne mara mugunta ke tsiro musu a kan jijiyar. In kuwa abin yana zuwa yana tafiya, hajijiya ta minti 20 zuwa sa'o'i 12, ji na raguwa yana dawowa, to an shiga zancen ciwon da ke ɗauke da sunan Ménière, wanda hanyarsa daban ce.

A ƙasashenmu akwai tambayoyin da likita ba zai tsallake ba. Sanƙarau yana kashe kunne, sau da yawa duka biyu. Hangum yana kashe ɗaya, musamman ga yara. Amosanin jini, wato sikila, yana toshe ƙananan jijiyoyi, na kunne ma ba su tsira ba. Zazzaɓin Lasa, wanda ake fama da shi a Najeriya, yana barin wajen mutum ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi da raunin ji. Alluran jantamisin da sitireptomisin suna iya cin kunnen ciki, kinin kuma yana sa ƙugi da toshewa, ko da yake nasa yakan wuce in an daina. Don haka mai zuwa asibiti ya tafi da kwalayen duk abin da ya sha ko aka yi masa.

Ko majon ƙaramin gidan likita na karkara, wanda ba shi da komi sai fitilar duba kunne, yana da abin yi. In ya leƙa ya ga ba dauɗa, ba ruwa, ba ƙurji, dodon kunne garau, amma mutum na cewa ba ya ji, wannan tsabtar ita ce abin tsoro. Sai ya sa shi ya rufe baki ya yi "mmm" kamar mai rarrashin jariri. In toshewa ce ta waje, zai ji muryarsa ta fi ƙarfi a kunnen da ya toshe. In ya ji ta gudu zuwa kunne mai lafiya, to kunnen ciki ne, a rubuta masa takardar zuwa sashen ORL na babban asibiti mafi kusa a ranar, a kuma auna masa tansiyo da sukari kafin ya tashi.

Hajijiyar ita takan lafa ko ma'aunan ba su farfaɗo ba, domin ƙwaƙwalwa tana koyon aiki da kunne ɗaya, tana jingina ga ido da tafin ƙafa. Wannan ne ya ruɗi magidancin da muka fara da shi. Koyon yana sauri ga wanda ya tashi yana takawa, yana kafa ido a kan wani tabo a bango yana juya kai dama da hagu sau da yawa a yini, yana kuma nawa ga wanda ya lafe a ɗaki yana shan ƙwayoyin kwantar da hajijiya. Waɗannan ba a so su wuce kamar kwana uku. Amma jinginar tana da iyaka. Inda ido ba ya gani, ƙafa kuma ba ta samun ƙasa mai tauri, wato cikin duhu, ko bisa rairayi, ko cikin ruwa, raunin yakan dawo ba sallama. Magini mai hawa bisa katanga, da mai haƙar rijiya, da ɗan kabu-kabu, da masunci, su nemi izinin likita kafin su koma bakin aiki, mai fita sallar asuba kuma ya riƙe fitilar hannu. Kunnen da ya saura kuwa a nisanta shi da bakin injin niƙa da lasifikar biki, kuma duk inda za a rubuta wa mutum allura, ya fara gaya wa mai rubutawa cewa da kunne ɗaya yake ji.